Ranar da Wayoyi Suka Kira Sunan Malam Ubale

Ke Safinatu, wa ya aike ki? Mutum ya wuni a tsaye, ya samu ya miƙe ƙafa, sai ki zo ki tsaya masa a ka da tambayar makaranta. Wai wanne ya fi a wajen masu haɗa manhajar waya, a tsara komai tun farko a bi shi daki-daki har a gama, ko a riƙa yi kaɗan-kaɗan ana nuna wa masu abu ana gyarawa. Malaminku bai ba ki amsa ba, sai ni da ban taɓa zama a bencin aji ba?

To, tunda kin tono, zauna. Ku ma ku matso, ku bar tsalle-tsallen nan a kan tabarmata. Ki rubuta a wayar yadda na faɗa, kada ki ƙara mini gishiri. Amsar da ɗaci, ku kuka nema.

Akwai wani mutum a ƙasar Gagarawa ana ce masa Malam Ubale. Shi ne shugaban direbobin wata tasha, ba sai na faɗi wacce ba. Motocinsu tsakanin Gagarawa da Gumel suke kai da kawowa, ran Alhamis kuma su miƙa har kasuwar Maigatari.

Tun yana yaron mota yake tashar nan. Ya zama direba, har gemu ya yi fari ya ajiye sitiyari aka ba shi kujera. Bai tara abin duniya ba. Abin da ya tara shi ne in ya dubi direba ya ce kai ne, to shi ne, babu mai ɗaga masa murya.

Aikin shugaba a tasha shi ne layi. Wanda ya riga zuwa shi ke fara lodi, na baya ya jira. Haka dokar take a baki.

Amma akwai wadda ba ta cikin baki.

In direba ya shiga wani hali, motarsa ta daɗe a gareji, ko iyalinsa na kwance, ko dai an lura hayaƙi ya daina tashi a gidansa, shugaba ba ya cewa komai. Haɓa kawai zai ɗaga wajen motar. Mutumin ya shiga gaba ya yi lodi. Wanda aka tsallake kuma sai ya tuna yana da abin dubawa a cikin inji, ko ya tafi wajen mai shayi. Tsofaffin direbobi suna ce wa wannan kau-da-kai. Ba a faɗin dalili, ba a godiya, ba a tada zancen washegari. Ranar da aka faɗi dalili an tona asirin magidanci, gara ma a ce ba a taimake shi ba.

Sai tasha ta cika da samarin direbobi. Ba su yi yaran mota a ƙarƙashin kowa ba, kwatsam aka gan su da makulli a hannu. Su abin da idonsu ke gani shi ne tsoho ya ɗaga haɓa, wani tsoho ya wuce gabansu. Babbansu wani ne Usaini, yaro mai ƙwazo, bakinsa kamar aska.

"Layin nan ya zama gadon gidan wasu," in ji Usaini. "Mu mu kwana a tasha, wani ya zo da hantsi ya yi lodi don sun sha fura tare da shugaba."

Maganar tana cin Malam Ubale, amma ya haɗiye ta. Amsar ita ce tonon asirin.

Ana cikin haka Siddiq ya dawo daga Kano. Shi ne ɗan farin Malam Ubale, ya gama karatun kwamfuta. Usaini ya samu shugaba a rumfa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga gyara ya zo har gida. Ɗanka ya haɗa mana manhaja a waya, ita ta riƙa tsara layi. Na'ura ba ta da aboki."

Malam Ubale ya ga tarko, ya kuma ga ba hanyar kauce masa. In ya ƙi, ya amsa laifi ke nan. Ban da haka, can cikin ransa akwai wani daɗi. A ce aikin ɗansa ne zai riƙe tashar da ya tsufa a ciki.

Ya ce, "A gaya wa yaron."

Kun ji ya ce yaron. Kun san ɗan fari. Malam Ubale bai taɓa kiran sunan Siddiq ba tun ranar da aka raɗa shi. In sun haɗu a zaure, gaisuwa ce, sai ɗaya ya ba ɗaya wuri. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar, kuma ni ban ce a bari ba. Amma ku riƙe wannan, don mutum biyun da suka fi bukatar doguwar magana a aikin nan su ne waɗanda ba sa iya yin ta.

Aka tara direbobi a rumfar tasha. Siddiq ya buɗe kwamfutarsa a kan benci, ya yi bayani cikin ladabi.

"Hanyar da zan bi mataki-mataki ce. Yau zan ji duk abin da kuke so, a rubuta, a sa hannu, an rufe wannan babin. Daga nan in zana, in gina, in gwada, sannan in kawo muku shi cikakke. Kamar ruwan indararo ne, in ya zubo ba ya komawa kan soro. Don haka duk mai magana ya yi ta yau."

Aka yi ta faɗa yana rubutawa. Yadda ake shiga layi, yadda ake fita, wanda ya tafi sallah, wanda tayarsa ta yi faci. Sai ya ɗago kai, bai dubi ubansa ba, ya dubi tsakiyar taro.

"Akwai halin da ake barin wani ya tsallake layi?"

Duk ido ya koma kan Malam Ubale. Ga ɗansa a gabansa. Ga Usaini ya harɗe hannu. Ga Mati a ƙarshen benci, abokinsa tun suna yaran mota, wanda ya ɗaga wa haɓa ba sau ɗaya ba a shekarar.

Malam Ubale ya dubi ƙasa ya ce, "Babu."

"Ko shugaba ne ya so?"

"Ko shugaba."

Tsofaffin direbobi kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Usaini ya ce, "A ƙara da wannan. In an karya, kowa ya ji wanda ya karya. Kuma a yi shi yadda ba mai iya taɓawa." Siddiq ya rubuta. Aka dangwala yatsa aka watse.

Malam Ubale bai tsorata sosai ba a ranar. Ya zaci abin kamar ɗinki ne. Tela yakan yanka, ya harhaɗa, ya kira ka ka saka, ka ce hammata ta matse a sake. Ya ce a ransa, in an kawo gwaji zai san yadda zai yi ba tare da ya buɗe baki da yawa ba.

Ba a kawo gwaji ba. Siddiq ya kama ɗaki a Gumel don wuta da sabis, ya rufe ƙofa. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi kai, ba wanda ya ga ko kusurwar abin.

Kada ku ce rago ne ko wawa. Ya yi aiki har wuyansa ya fito. Kuma hanyar tasa ba banza ba ce. Rumbu haka ake yin sa, a kafa duwatsu, a ɗora gindi, a ja jiki, a kifa jinka. Ba mai tsayawa a tsakiya ya ce a zo a ɗanɗana, don kowa ya san rumbu tun kakanni, kuma hatsi ba ya sake ra'ayi. Amma miya fa? Matar da ta zuba gishiri da daddawa ta rufe tukunya, ba ta ƙara buɗewa ba sai a gaban baƙi, wannan ba gwana ba ce, mai sa'a ce ko marar sa'a. Siddiq miya aka ba shi, ya ɗauka rumbu ne.

To, akwai Mansura, 'yar ƙanwar Malam Ubale. Aji ɗaya suka yi da Siddiq a Kano. Tana aure a Sule Tankarkar, mijinta Ilu direba ne, kuma direbobin can su ma rigimar layi ta ishe su. Ita ba ta tara kowa a rumfa ba. Wani ɗan abu ta haɗa, ba kyan gani, sunaye ne kawai a jere. Ta saka wa Ilu da wasu abokansa a waya, ta ce su je su gwada.

Duk Alhamis da yamma Ilu zai dawo mata da ƙorafi cike da mota. Rubutun ya yi ƙanana. Abin yana shanye caji. Ba ya aiki in an shiga inda babu sabis. Ta gyara, ta mayar, su sake dawowa da wani. Ta sha zubar da aikin da ta yi wahala a kansa. Wasu direbobin suka gaji suka goge shi, suna cewa manhajar matar Ilu kamar ginin talaka ce, kullum ana kai, ba a taɓa tarewa. Ita ma hanyar tata da nata ciwon kan, kada ku zaci zuma ce.

Amma a cikin wannan kai da kawowar ta lura da wani abu. Wasu ranakun wayoyin duka sai su mutu lokaci ɗaya. In sun dawo, ta ga motar da ke baya ta riga ta tafi.

Ta tambayi Ilu yana cin tuwo. Ya ce, "Caji ne ya ƙare."

"Ku duka? A tare?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa, har ya nemi ƙarin miya.

Ba ta sake tambaya ba, ta gane kau-da-kai suke yi a ɓoye. Ta saka wani ɗan maɓalli a lungu, ba suna a kansa. Wanda ya danna, sai ya koma baya shiru, wata motar ta shige, ba a sanar da kowa. Alhamis ta gaba ba wayar da ta mutu. Ba kuma wanda ya ce mata an gode.

Wata Juma'a Siddiq ya leƙo gida, ya tarar Mansura ta zo gaida kawunta. Kun san tsakaninsu, ɗan namiji da 'yar mace, taubasai ne, abokan wasa. Malam Ubale yana cikin turakarsa, asabari a sake, yana jin su a tsakar gida.

"A'a, injiniyan ɗaka," in ji Mansura. "Har yanzu amaryar taka tana lalle? Yaushe za a buɗe mana fuska?"

"Ke dai ci gaba da faci," in ji Siddiq. "Na ji an ce direbobin Sule Tankarkar sun fi ganin sabon gyara a kan fasinja."

"Gara mu, muna ganin wani abu. Kai ko ƙurarka ba a gani."

"Mai abin kirki ba ya talla."

Ta sassauta murya. "Taubashi, ban da wasa. Ka cire ko allon layin kaɗai ka kawo wa Kawu, su gwada Alhamis ɗaya. Ɗaya tak."

"An sa hannu, Mansura. An wuce nan."

"Mutanen tasha ba sa faɗin duk abin da suke yi."

"A gaban kowa na tambaye su."

"Ai shi ya sa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Tun muna yara haka kike, ba ki barin a gama tuƙi sai kin sa yatsa a tukunya. So kike in kawo guntun abu ki samu na yi mini dariya har sallar baɗi. Ni ba na kai ɗanyen tuwo gaban manya."

Da wani ne ya faɗa masa, wataƙila ya tsaya ya yi tunani. Amma daga bakin abokiyar wasa ta fito, wadda tun yarinta duk abin da ta ce masa tsokana ne. Ya zuba gargaɗin a kwandon tsokana.

Malam Ubale ya ji komai. Carbi ya tsaya a hannunsa. Gyaran murya ɗaya ya ishe shi, ya ce a kawo in gani. Ya miƙe, ya kai hannu ga asabari. Sai ya hango kansa zaune kusa da ɗansa, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon waya ɗaya, yana yi masa bayanin gidan wane ba a ɗora tukunya. Ya kuma hango bakin Usaini in labari ya fita cewa shugaba ya shiga ɗaki an lanƙwasa masa na'ura.

Ya sa takalmi ya wuce su ya tafi masallaci.

Da yamma Mansura ta durƙusa za ta yi sallama, ta ce, "Kawu, ko in ce masa kana son gani?"

Ya ce, "Ku bar yaro ya yi aikinsa."

Aka shiga kakar riɗi, lokacin da hanyar Maigatari ba ta hutawa. A nan Siddiq ya fito da abinsa. Gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Ba ya shan caji, ba ya tsayawa, ko babu sabis yana aiki. Saboda direbobin da ba sa karatun boko, ya naɗi muryarsa a ciki, ita ke kiran layi. Ya zauna ya faɗi sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, har da na ubansa, wanda bai taɓa furtawa a gaban mutane ba. Ya ce a ransa wannan ba za a taɓa jin sa ba, tunda sai an karya layi zai fito, kuma an ce babu tsallake.

Aka zaɓi ranar Alhamis a fara. Tun da safe wayoyi suke kira. "Motar Abdulganiyu, layinka ne." "Motar Zayyad, shirya." Ba gardama, ba zagi. Fasinjoji suna ta mamaki. Wata tsohuwa mai buhun zoɓo ta ce Allah ya yi wa mai muryar nan albarka. Malam Ubale ya yi kamar bai ji ba, amma ya gyara zaman hularsa. Siddiq yana tsaye can gefe cikin farin yadi.

Da hantsi Mati ya shigo, ana tura masa mota.

Tun tsakiyar damina injinsa ya buga, sai ranar ya fito da ita daga gareji. Matarsa Azumi tana kwance tun kafin nan. Waya ta ajiye shi a ƙarshen layi, inda kafin a zo kansa 'yan kasuwa sun ƙare. Malam Ubale ya ga bai je wajen mai shayi ba. Ya ga ya ɗauki buta ya kurkure baki kawai, ya koma ya jingina da mota.

Wanda ke gaba a lokacin tsohon direba ne, Abdulbaqi. Suka haɗa ido da shugaba. Haɓar Malam Ubale ta ɗagu da kanta, yadda ta saba. Abdulbaqi ya fita ya buɗe bonet ya sunkuya. Mati ya shiga wurin lodi.

Ɗan kamasho ya danna lambar motar, waya ta ƙi. Ta nemi yatsan shugaba. Malam Ubale ya ɗauka wannan ita ce 'yar ƙofar da yaron ya bar masa. Har ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe ya gane. Ya ɗora yatsa.

Sai duk wayoyin tashar suka yi magana a tare. Na cikin aljihu, na kan sitiyari, na kan teburin mai shayi.

"An karya layi. Ubale ya sa motar Mati a gaba. An karya layi."

Muryar Siddiq ce, a natse, ba Malam, ba Baba. Ta sake maimaitawa.

Tasha ta yi tsit, har kukan akuyar da aka ɗaure a but ɗin wata mota ana ji. Siddiq ya ruga ya fizgi wayar ɗan kamasho yana dannawa. Ba ta kashuwa. Shi ya gina ta yadda ba mai iya taɓawa, har shi kansa. Haka aka ce ya yi.

Usaini ya tako a hankali. Bai yi ihu ba, da ya yi ma da sauƙi.

"Ba ni na faɗa ba, ranka ya daɗe. Na gida ne ya faɗa." Ya juya ga jama'a, ya sake juyowa. "Amma mu ma 'yan Adam ne. In akwai dalili a faɗa mana, wallahi za mu ji."

Kuma ina jin da gaske yake. Nan ne ɗacin.

Mati ya buɗe ƙofa ya fito. "Jama'a, ni ne. Gidana ne..."

"Koma motarka, Mati," in ji Malam Ubale. "Ba da kai ake ba."

Ya miƙe tsaye. Ya dubi Usaini ido cikin ido.

"Babu dalili. Abokina ne, na so shi, na sa shi gaba. Abin da kuka daɗe kuna faɗa gaskiya ne."

Ya ɗan jira. Akwai tsofaffi a rumfar nan da babu wanda bai taɓa ɗaga wa haɓa ba a cikinsu. Amma wanda duk ya buɗe baki don ya kare shi, asirin kansa zai fara tonawa. Abdulbaqi bai fito da kansa daga cikin inji ba. Sauran kowa ya sami abin dubawa.

Malam Ubale ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa, ya bar kujera. Fasinjojin da suka shiga motar Mati suka fito da kayansu ɗaya bayan ɗaya. Mati ya sa aka sake tura shi, ya fita ba kowa a ciki.

Kafin wata Alhamis an naɗa Usaini.

Kuna jira in ce manhajar ta lalace, ko? Ba ta lalace ba. Tana nan tana aiki, ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba. Rigimar layi ta mutu a tashar nan. Kuma tun ranar ba a ƙara sa kowa a gaba ba. Wanda gidansa ba wuta yana jiran layinsa kamar kowa, da yunwarsa a ciki, cikin adalci.

Mati ya koma ɗaukar kaya a Gumel. In sun haɗu da Malam Ubale a wajen jana'iza, daga nesa yake ɗaga hannu ya sulale. Mutum yana iya haɗa ido da wanda ya cuce shi. Wanda ya faɗi dominsa ne ba ya iyawa.

Siddiq ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi Sule Tankarkar. Ranar ba wanda ya tsokani wani. Mansura ta duba aikin tun daga tushe, ta ce, "Kullen nan ba ƙofa ba ne da za a sauya. Shi ne harsashin, a kansa ka ɗora komai. Sai dai a rushe a sake."

Ya ce zai rushe. Ya je ya samu Usaini. Usaini ya ce, "Me za a gyara? Abin da muka nema ka ba mu, ba mu da ƙorafi. Allah ya ƙara basira."

Daga nan ya wuce gida. Ya tarar da ubansa a zaure yana tufkar igiyar awaki. Ya durƙusa ya gaishe shi. Maimakon ya tashi yadda ya saba, sai ya zauna a ƙasa.

"Baba, na tambaya. A gaban kowa na tambaya."

Malam Ubale bai ɗago ba. Ya tofa wa tafinsa yawu ya ci gaba da murza rama.

"An tambaya," in ji shi. "An kuma ba da amsa. Aikin ba shi da aibu."

Igiya tana ƙara tsawo, Malam Ubale ya ci gaba da magana.

"Abin da ake yi a tasha, ko yau aka sake tara mutane aka tambaye ni, babu zan ce. Bakina ba zai iya ba. Amma da an kawo abin tun yana ƙarami, na ji muryar nan sau ɗaya a cikin ɗaki, da na ce a cire. Wannan kam da zan iya."

Aka kira la'asar. Ya ajiye igiyar, ya kewaye yaron, ya fita.

Siddiq ya koma Kano, an ce yana aiki a can, an ce ya iya. Malam Ubale yana nan da ransa. Gonarsa tana bayan tasha, hanyar da ta fi kusa ta tsakiyar tashar ta ratsa. Amma kullum ta bayan makabarta yake zagawa, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, a rana a ruwa. Don daga safe har magariba muryar ɗansa tana can tana kiran mutane da sunayensu.

Darasi: Abin da aka san kamanninsa tun farko, kuma ba ya sauyawa, a tsara shi a bi mataki-mataki. Amma abin da mutane za su rayu da shi, kada ka yarda da zama ɗaya da sa hannu. Mutum ba ya iya faɗa maka duk abin da yake so, wani ya manta, wani kunya ta hana shi. Abin da yake iyawa shi ne ya ga guntu ya ce ba haka ba. Ka kai masa tun gyara yana da sauƙi, ka jure dariyar masu cewa ba ka gama ba. Kai kuma da ake yi wa aiki, in ka ga an rufe ƙofa an daɗe, ka ƙwanƙwasa, shirunka ba zai cece ka ba. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san ya shige ɗaki yana gina wa mutane abin da ba su gani ba.

Ke kuma Safinatu, kashe wayar nan haka. Muslim, ɗauke ƙafarka daga kan ƙanwarka. Kowa ya kama shimfiɗarsa, kuma kada in ji motsin kowa.